Sunan da Goggo Ba Ta Kira

Goggo ta rasu ranar wata Talata da hantsi, a ɗan ɗakin da muka ware mata a gidanmu na unguwar Gubaira, a birnin Riyad. Na kai mata shayi, na koma kicin in ɗauko mata burodi, na dawo na tarar da ita a kishingiɗe a kan sallaya, rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta sha faɗa cewa ba ta son ta zama kaya a hannun kowa, Allah kuwa ya amsa mata.

Kafin la'asar gida ya cika har kan matattakala. Direbobinmu da ke aiki a unguwar masu kuɗi ta Ulaya suka roƙi iyayen gidansu, suka zo da kayan aiki a jikinsu. Mata suka cika falo, kusan kowace da yaro a hannu ko a baya, kuma da wuya ka nuna yaron da ba Goggo ce ta fara yi masa wanka ba. Maƙwabciyarmu 'yar Sudan ta shigo da gahawa da dabino tana cewa, "Azzamallahu ajrakum," wato Allah ya girmama ladarku, hawaye na ɗiga a kan tiren. Wata da ta haihu bara ta riƙe hannuna ta ce, "Yanzu wa zai riƙa yi mana faɗa?" Na dai ce ta yi haƙuri.

Ana cikin haka wata doguwar Baturiya ta shigo, abayarta ba ta ko kai idon sawu ba. Ta cire takalmi a ƙofa, ta ratsa mata ta zo gabana ta durƙusa, ta ce, "Ya haƙuri?" Falon ya yi tsit. Waɗanda ba su san ta ba suka fara zunguri juna. Ni na san ta, Goggo ce ta rene ta tun tana cikin zanin goyo, yanzu ta girma ta dawo Riyad tana aiki a ɗaya daga cikin dogayen gine-ginen Ulaya. Ta sami gefen bango ta miƙe ƙafa irin zaman Goggo, ta rufe fuska da mayafi, ta yi kukan da ni kaina ban yi ba tukuna.

Da maza suka dawo daga maƙabarta, maigidana ya tsaya daga bakin ƙofa ya ɗaga murya yadda mata za su ji. Ya ce, "An kai Goggo makwancinta. Duk wanda ta yi wa ba daidai ba, don Allah ya yafe mata." Aka amsa gaba ɗaya, "Mun yafe, Allah ya yafe mana." Wata tsohuwa daga lungu ta ce, "Ni kam ta sha wanke ni tas, amma ko sau ɗaya ba ta yi mini ƙarya ba." Aka yi dariya ana share ido.

Saura mutum ɗaya. Goggo yayar mahaifina ce, kuma 'ya ɗaya ta haifa a duniya, tana can Zariya da 'ya'yanta da jikokinta. Ni ina ce mata Yaya saboda ta girme ni nesa ba kusa ba, amma taubashiyata ce, akwai wasa tsakaninmu. Na shiga ɗaki na kira ta.

"Yaya, Goggo lokaci ya yi."

"Na ji. An kira ni."

"An kai ta. Kowa ya yafe, ke muke jira."

Ina jin ƙarar injin markaɗe a bayanta. Can ta ce, "Allah ya jiƙan musulmi," ta kashe waya.

Wanda bai san Yaya ba zai ce addu'a ta yi. Ni na san ta. Ta zaɓi addu'ar da za ta iya yi ba tare da ta ce ta yafe ba. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Tsohuwa tana kwance a ƙasar da ba tata ba, a maƙabartar da ba a rubuta wa kowa suna, dutse a kai dutse a ƙafa, kuma mutum ɗaya da ta haifa ta riƙe kalma biyu ta hana ta. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don 'ya'yana da jikokin Yaya su san wace ce aka binne a can.

Goggo gajeriya ce, baƙa, mai saurin tafiya da saurin magana. Ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce. In ta shigo gidanka, kafin ta gama amsa gaisuwa ta gyara maka labule, ta leƙa tukunya, ta gaya maka gishiri ya yi yawa. Ba ta ba da haƙuri da baki. Mun taɓa yin faɗa da ita a kan 'yata, wadda in an yi mata Hausa sai ta amsa da Larabci. Goggo ta dube ni ta ce, "Ni na koya wa 'ya'yan Turawa Hausa a gidan iyayensu, ke kin kasa koya wa taki a gidanki." Na ce ai makaranta ce. Ta ce, "Makarantar ce ke ba ta nono?" Na yi fushi, muka yi kwana biyu daga gaisuwa sai gaisuwa. Rannan na dawo daga kasuwa na tarar da dambu a rufe a kan teburi, irin wanda nake so, da yajin daddawa a gefe. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba, na dai cinye.

Tun tana aiki a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, Juma'a ce ranar hutunta, kuma ba ta taɓa huta ta ba. Duk matar da ta haihu a Gubaira ba uwa a kusa, Goggo ce uwarta. Tana da wata babbar tukunya da ke yawo gida-gida, da busasshen ganyen darbejiya da take sa masu zuwa Makka su taho mata da shi. Ta dafa ruwa, ta yi wa mai jego wanka a ɗan matsattsen banɗakin haya, ta dama kunun kanwa, ta tsaya a kanki sai kin shanye. Da na haifi ta fari haka ta yi mini, ina ihu tana cewa, "Yi da kyau, maƙwabta su san an haihu." Bayan ta bar aiki ta dawo wurinmu, sai abin ya zama na kullum. Ba ta karɓar ko sabulu.

Akwai abu biyu da take yi da suna. Na farko, ba a raɗa wa yaro suna a unguwar nan ba ta tambayi ma'anarsa ba. Takan ce, "Kaya ne za ku ɗora wa yaro har kabari, ku buɗe ku ga abin da ke ciki." Na biyu, da ta gama jin ma'anar sai ta ajiye sunan gefe ta laƙa wa yaron nata. Ba wanda ya tsira. Ni Uwar Tsiwa ce, maigidana Sarkin Hanya, mai kantin ƙasan gidanmu kuwa har ya bar unguwar yana amsa Ɗan Tsada bai san me ake nufi ba. Dogon suna ba ya kwana a bakinta sai ta gutsire shi. Mutum biyu kaɗai na sani da take kira da cikakken sunansu, tun daga farko har ƙarshe, kuma dukansu 'ya'yan Turawa ne.

Ga yadda aka yi. Mijin Goggo ya rasu Yaya tana ƙarama, ko makaranta ba ta yi nisa ba. Dangin uba suka ce 'yarsu ce, ba inda za ta. Goggo ta biyo wata ƙanwar kakarmu aikin hajji, da niyyar ta ɗan yi aiki ta koma. Ba ta koma ba sai ziyara jefi-jefi. Ta sami aikin raino a Jidda a gidan wasu Turawa ma'aikatan ofishin jakadanci, da aka kwaso ofisoshin zuwa Riyad suka taho da ita.

A gidan aka haifi yarinya aka sa mata Filomina. Goggo ta tambayi ma'ana kamar yadda ta saba. Uwar ta ce tsohon suna ne daga harshen Girkawa, ko a ƙasarsu ba a cika jin sa ba yanzu, yana nufin wadda ake ƙauna, kuma sunan kakar mijinta ne. Goggo ta ce wannan ya yi, ashe su ma suna mayar da sunan iyaye. Sati bai zagayo ba ta ji sun gutsire shi, kowa a gidan yana cewa Mina.

To, sunan Yaya Amina, kuma tun tana jaririya mahaifinta ke ce mata Mina, har ya bi ta. Goggo kuwa Bahaushiya ce ta da. Ba ta faɗin sunan 'yar fari, ba ta faɗin sunan duk mai irin sunanta. In zance ya biyo ta kan Yaya sai ta ce "waccan." Saboda haka ta ci gaba da kiran jaririyar Filomina, cikakke. Uwar ta ɗauka girmamawa ce, har tana nuna ta ga baƙi. Goggo ta goya yarinyar da zani tana zagaya lambunan unguwar, sauran masu raino na tura nasu a keke suna kallonta. Ta koya mata cin tuwo da miyar kuka. Abu ɗaya ta hana, ba ta yarda yaran mutane su ce mata Mama ba, Goggo ta koya musu.

Da wa'adin waɗannan ya cika za su tafi, suka miƙa ta ga wasu Jamusawa, aka mayar da iƙamarta, wato takardar zamanta, hannunsu. Matar na da tsohon ciki, kullum tana zaune da wani littafin sunaye, tana neman sunan da ba kowa ke da shi ba. Goggo ta sha ba mu labarin nan tana dariya har da tari. Ranar da aka dawo daga asibiti, uwar ta ce sunan jaririya Wilhelmina, daga sunan kakan mijinta. Goggo ta gwada, harshe ya ƙi, ya fito Bilhalmina, kuma a haka ya zauna. Ta tambayi ma'ana. Aka ce kalma biyu ce ta tsoffin Jamusawa, ɗaya ƙarfin niyya, ɗaya hular kwano irin ta mayaƙa. Goggo ta ce, "Yarinya kamar wannan a kifa mata hular kwano?" Sai uwar ta ce kada tsawon sunan ya dame ta, za su riƙa ce mata Mina.

"A nan na nemi ƙasa na zauna," in ji Goggo. "Sunaye sun cika duniya. Girkawa da nasu, Jamusawa da nasu, ba su haɗa kaka ba, ba su haɗa ma'ana ba. Amma duk suka zagayo suka tsaya a ƙofa ɗaya, kuma ƙofar tawa ce." Ko a cikin labarin ba ta faɗin sunan, sai ta ce, "Suka gutsire shi ya koma irin na waccan." Wannan jaririyar ita ce Baturiyar da ta durƙusa a gabana ranar rasuwa.

Iyakar abin da na sani ke nan, kuma ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba. Wa zai kira Zariya ya ba da labarin cewa uwa tana alkunya? Kamar ka kira ka ce tana salla ne. Na san dai akwai sanyi tsakanin Yaya da Goggo. In Goggo ta kira, Yaya ta gaisa a taƙaice ta miƙa wa yara waya. Na ɗauka ciwon rabuwa ne kawai, ban san yana da wurin da ya fi yi mata zafi ba.

Washegarin rasuwa da safe na sake kiranta. Wannan karon na shiga da rigar taubashi, don ita kaɗai ce za ta ba ni damar faɗin abin da ke bakina.

"Yaya, kin tsufa har da jikoki, amma taurin kan nan bai tsufa ba. Me tsohuwar nan ta yi miki da ƙasa ba za ta rufe shi ba?"

Na zaci za ta kashe. Sai ta ja numfashi ta ce, "Ke yarinya ce, ba ki san komai ba. Da na haifi na fari, kowace mai jego uwarta ke dafa mata ruwa. Ni matar baffana ta yi mini, tana yi tana mita. Bayan arba'in aka ce tsohuwar ta aiko, in je gidan wani alhaji mai tarho za ta kira. Na yi wanka, na goya yaro, na je na zauna tun safe. Ta kira. Ta tambayi kowa har akuyar gida, ni ba ta ce ya jikinki ba. Wannan bai dame ni ba, na san kunya ce. Sai na ji wata mata a bayanta tana kwaɗa kira, Mina, Mina. Sai ta ce, 'Bari in je, yarinyata ta tashi.' Ta ajiye tarho. Na zauna da jariri a baya ina kallon bango. Ta sami wata, har da sunana ta ba ta. To wadda ta samu ɗin ta yafe mata."

Na ce, "Yaya, ba ita ta sa sunan ba."

Ta ce, "Ita ta yi ta kira dai, safe da yamma. Ina da baƙi." Ta ajiye.

Na fito falo idona ya yi ja. Inna ce ta lura, aminiyar Goggo tun Jidda, wadda ta yi aikin guga a gidan da ke kallon na Jamusawan. Ta jawo ni kusa ta tambaye ni, na gaya mata duka. Baturiyar na zaune a gefenmu, don tun safe ta dawo. Inna ta daɗe tana murza carbi, sannan ta ce akwai abin da Goggo ta hana ta faɗa, amma mai hanin ta tafi. Tana magana ina juya wa Baturiyar da Larabci.

"Da yarinyar nan ta fara baki," in ji Inna, "uwarta ta tayar da rigima. Ta ce ana rikita mata yarinya, kowa na kiran suna ɗaya, mai raino na kiran wani. Ta ce Goggo ta faɗi gajeren, Goggo ta ƙi. Ta zaunar da ita ta ce ta maimaita a bayanta kamar 'yar makaranta, ta yi gum. Matar ta ce to ba ta son yarinyar ne, shi ya sa take riƙe ta nesa. Wata da watanni ana wannan, gida ba daɗi. Ana cikin haka saƙo ya zo daga Zariya cewa waccan ta kusa sauka. Goggo ta nemi hutu. Matar ta ce ta tafi, amma fita ce ba dawowa, za su nemi mai jin magana. Ga bakuna a gida suna ci daga hannunta, har da ubanki yana makaranta."

Na ce, "Inna, ba ta gaya wa matar dalili ba?"

"Na ce ta gaya mata. Ta ce, 'In zauna in yi wa baƙuwa zancen 'yar fari? Da wane bakin?' Na ce to ki faɗi sunan nan sau ɗaya a wuce wurin, a ba ki hutunki, wa zai ji ki a ƙasar nan? Ta dube ni ta ce, 'Ban rene ta ta girma ba. Ban kai ta ɗaki ba. Abin da ya rage tsakanina da ita ke nan. In na sake shi, da me zan san ni na haife ta?' Haka ta zauna. Ranar da aka ce an sauka lafiya, ta zo wurina ta ɗauki dutsen guga ta goge kayan da ba nata ba har yamma."

Baturiyar ta yi fari fat fiye da yadda take. Ta ce ita ba ta san da wannan ba. Abin da ta tuna shi ne wata rana a teburin cin abinci ta ce wa uwarta, gajeren sunan na Mama ne, dogon na Goggo, kada a taɓa mata ko ɗaya, daga nan uwarta ta haƙura. Inna ta ce, "Haka aka yi. Amma lokacin jego ya riga ya wuce." Baturiyar ta ce uwarta ba muguwa ba ce, har yau tana zaton Goggo ba ta saki jiki da su ba ne. Ta ce a makaranta ta tsani sunan nan, ba mai irinsa, yara na yi mata dariya, a bakin Goggo kaɗai take son jin sa.

Zan faɗi gaskiya, a ranar haushin Goggo na ji. Kalma ɗaya ce. Da ta faɗe ta, wataƙila da ta je ta dafa wa 'yarta ruwa, da ba a kwashe shekarun nan ana gaisuwar baƙi ba. Har yau ban yanke cewa daidai ta yi ba. Amma na tuna tukunyar nan da ta yi ta yawo a Gubaira, na tuna yadda take tsayawa a kan 'ya'yan mutane sai sun shanye kunu, na gane wa take yi wa wankan duk shekarun nan. A nan kukan da ban yi ba ya zo.

Ranar uku muka yi waina da dafa-duka aka raba, malamai suka yi addu'a a ƙasa wurin maza. Da mutane suka ragu na ja Baturiyar da Inna muka shiga ɗakin Goggo, na kira Zariya, na sa wayar a fili yadda kowa zai ji.

"Yaya, kada ki kashe. Ki ji ni har ƙarshe, in na gama ki zage ni."

Na gaya mata abin da Inna ta faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba. Inna ta sa baki ta ce ita shaida ce, kuma ta kusa bin aminiyarta, ba za ta tafi da ƙarya ba.

Yaya ta ce, "Alkunya ce. Kowace uwa tana yi."

Na ce, "Kowace uwa tana yi a inda ake ganinta. Wannan ta yi a inda ba wanda ya san ana yi, har aka kusa korarta a kai."

"Ke nan da ta faɗa, da ta zo."

"Wataƙila. Ni ma abin da ke cina ke nan."

Sannan ta ce, "Yarinyar tana nan?"

Baturiyar ta matso. Hausarta ta yara ce, ta tsaya inda Goggo ta bar ta. Ta ce, "Sannu, Yaya."

"Yauwa," in ji Yaya, kamar ba da son ranta ba. Sai ta ce da ni, "Tambaye ta, ya take kiranta?"

Na tambaye ta. Baturiyar ta rufe ido, ta ɗaga murya, ta ja sunan yadda Goggo ke ja in ta leƙo daga kicin, da ɗan faɗan nan a ƙarshe: "Bilhalmina, zo ki ci tun bai huce ba." Muryar Goggo ce sak, har da Zazzagancin. Inna ta kifa kai a gwiwa.

A can Zariya muka ji wani sauti, ban san ko dariya ba ce ko kuka, ina jin duka biyun ne. Yaya ta ce, "Haka take jan magana. Haka take yi." Ta tambaya ko da wasa, ko da mantuwa, ba ta taɓa faɗin ɗayan ba. Baturiyar ta ce ko ranar da ta ruga kan titi mota na zuwa, dogon Goggo ta kira, sai da ta kai ƙarshensa.

Muka jira. Karo na farko a rayuwata na riƙe bakina.

"Ki gaya wa maigidanki," in ji Yaya a hankali, "ya gaya wa mutane na yafe wa mahaifiyata. Duniya da lahira. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta."

Muka ce amin. Har na fara neman abin tsokanar da zan rufe da shi. Sai ta kira ni da muryar da ban san ta da ita ba.

"Ke da kika zauna da ita. Duk kiran da ta yi na miƙa wa yara waya, duk zuwan da ta yi na bar ta da baƙi na shige ɗaki. Ita ta yafe mini?"

Na dubi Inna, Inna ta dubi ƙasa. Na so in ce e, wallahi na so. Amma Goggo ba ta taɓa faɗa ba, don ba ta zancen 'yar fari, kuma ba zan yi mata ƙarya kwana uku da binne ta ba.

Na ce, "Yaya, ban taɓa ji ta ce kin yi mata laifi ba."

"Wannan ba amsa ba ce."

"Ita kaɗai gare ni."

Sannan ta ce kada in kashe, in bar wayar a ɗakin tukuna. Na ajiye ta a kan sallayar Goggo, muka fito mu uku, na jawo ƙofa.